Mun Kai Ziyara Bakin Teku A Badagry

Akwai wata tambaya da na daɗe ina yi wa 'yan'uwanmu 'yan Arewa mazauna Ikko duk inda zama ya haɗa mu, ko a Agege, ko a Idi-Araba, ko Obalende, ko kasuwar Mil 12. Tambayar kuwa ita ce: Malam, tun da ka zo garin nan ka taɓa zuwa ka ga teku da idonka? Abin mamaki, mafi yawansu sai su ce a'a. Wani ya ce mini ai kullum yana ganinsa in motarsu ta hau doguwar gadar nan da ta tashi daga Oworonshoki zuwa tsibirin Ikko. Na ce masa wannan ba shi ne teku ba, ruwan kwance ne da ke bayan gari, shi teku yana can gaba. Wani dattijo kuma mai sayar da goro ya ce ya fi shekara 20 a Agege, a nan ya aurar da 'ya'yansa, amma ko hanyar bakin teku bai sani ba. Ya ce shi nema ya kawo shi Kurmi, ba kallon ruwa ba.

Ban ga laifinsa ba. Wanda ya fita tun asuba bai komo ba sai bayan lisha, ina ya ga sukunin yawon buɗe ido? Amma dai abin da ɗan kunya, mutum ya koma gida da Salla, yara su kewaye shi suna tambayarsa yadda teku yake, shi kuwa ya shiga kame-kame, alhali tsakanin ɗakinsa da tekun bai kai tsakanin Kano da Wudil ba.

Wannan ne ya sa ran wata Lahadi cikin rani muka ɗaura niyya mu uku, da ni, da wani abokina Alhaji, direban tanka mutumin Gusau da ke lodi a Apapa, da yaron motarsa, wani saurayi ɗan Yawuri wanda ya tashi a bakin Kwara, muka nufi Badagry.

Mai karatu zai ce, don me sai Badagry, ga Bar Beach kusa? To, tsofaffin mazauna Ikko ne kaɗai za su tuna da Bar Beach yadda yake a da, can a Victoria Island. Nan ne wurin shan iska na kowa da kowa, ba mai tambayarka ɗan wane ne kai. Masu dawaki suna ɗora yara, masu tsire da masu gyaɗa suna ciniki, 'yan cocin nan masu fararen riguna suna addu'o'insu a gefe guda. A nan ne kuma gwamnatin soja ta riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a. A cikin watan Satumba na 1971 dubban mutane suka taru suka ga an ɗaure ƙasurgumin ɗan fashin nan Ishola Oyenusi aka harbe shi. Wannan Bar Beach ɗin yau babu shi.

Dalilin ɓacewarsa kuwa ya samo asali tun zamanin Turawa. Shi rairayin bakin teku ba a zaune yake wuri guda ba, tafiya yake yi. A gaɓar nan tamu igiyar ruwa tana zuwa ne a karkace daga kudu maso yamma, saboda haka kullum tana tura rairayi daga yamma zuwa gabas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka gina dogayen katangu na duwatsu a mashigin tashar jiragen ruwa ta Ikko, don kada rairayi ya toshe wa manyan jirage hanya. Sai rairayin da ke tahowa daga yamma ya riƙa taruwa a bayan katangar, ɓangaren gabas kuwa, watau Bar Beach, ruwa yana kwashe nasa ba a mayar masa da wani. Shekara da shekaru teku yana cin ƙasa, har ya kai yana malalowa kan titin Ahmadu Bello, inda ofisoshin gwamnatocin jihohi da dama suke. Daga 2008 aka fara cike wurin da yashi ana gina sabon birnin nan na masu hannu da shuni da ake kira Eko Atlantic. Sauran wuraren shan iska da ke wajen Lekki kuwa galibi an killace su, sai ka biya kuɗin shiga, ga kiɗa mai kashe kunne, ga shaye-shaye. A 2024 ma an rushe wani sashe na ɗaya daga cikinsu don a fitar da sabuwar hanyar da za ta bi gaɓar teku daga Ikko zuwa Kalaba. Wanda ke son ya ga teku a natse, shi da iyalinsa, yamma ya kamata ya nufa.

Hanya

Daga tsakiyar Ikko zuwa Badagry wajen kilomita 60 ne. A Mil 2 ake samun mota, kuma tun 2023 akwai jirgin ƙasa na zamani da ke kawo mutum nan daga Marina. Hanyar ta bi ta Ojo, ta wuce Alaba Rago inda mutanenmu suka daɗe suna cinikin dabbobi, ta bi Okokomaiko da Agbara. Mu dai mun fita bayan sallar asuba, don duk wanda ya san wannan hanya ya san in rana ta ɗaga cunkoson motoci zai iya cinye masa rabin wuni. Abu guda da zan ja kunnen mai karatu a kai shi ne, wannan ita ce hanyar da ta nufi Seme, iyakarmu da Jumhuriyar Benin, saboda haka akwai shingayen bincike da yawa. Kowa ya riƙe katin shaidarsa a aljihu.

Da ka wuce Agbara sai ka ga gari ya fara sakin jiki. Gidaje su ragu, bishiyoyin kwakwa su yawaita, irin wadda iyayenmu ke kira kwakwar Attagara, ba ta manja ba. Badagry ce matattarar kwakwa a ƙasar nan, kuma da yawa daga cikin wadda ake yankawa ana sayarwa a kan faranti a tashoshin Arewa ta nan take bi.

Mutanen garin ana ce musu Ogu, wasu su ce Egun. Harshensu ba Yarabanci ba ne, ya fi kusa da na mutanen Porto-Novo da ke tsallaken iyaka, ko da yake kusan kowa yana jin Yarabanci. Sarautar garin Akran ake kiranta. Garin yana kwance ne a bakin wani dogon ruwa mai kama da kogi, wanda ya raba shi da siririyar ƙasar da ke fuskantar teku. Watau ko ka iso Badagry ba ka ga teku ba tukuna, sai ka yi fito.

Kafin fito sai da muka ɗan zaga titin bakin ruwa, domin kusan dukkan kayan tarihin garin a nan suke jere. Akwai benen da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, wanda mutanen garin ke alfahari da shi suna cewa shi ne bene na farko a Nijeriya. Alhaji ya yi dariya ya ce su dai ce na farko irin ginin Turawa, don a Kano da Zariya an san soro da bene na ƙasa tun kafin nan. Ni ma ina bayansa. Akwai kuma tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863, wanda aka mayar gidan tarihi.

Amma inda ya fi tsaya mini a rai shi ne gidan Seriki Abass. Shi wannan mutum Bayarabe ne da aka kama tun yana yaro aka sayar, aka kai shi Birazil, ya komo, shi ma ya zama babban dillalin bayi, daga baya kuma ya zama jigon Musulmin wannan yanki har rasuwarsa a 1919. Kalmar nan Seriki ba wata aba ba ce illa sarki namu na Hausa da harshen Yarabawa ya tanƙwasa. A cikin gidan an gina ɗakuna 40 na tsare bayi kafin jirgi ya iso. Mun shiga ɗaya daga cikin waɗanda aka bari yadda suke. Ɗan ƙuƙumin ɗaki ne wanda bai fi shagon mai shayi ba, da 'yar taga guda can sama, masu yi wa baƙi bayani kuwa suka ce har mutum 40 akan cusa a ciki. Aka nuna mana sarƙoƙi da mari. Yaron Alhaji ya ɗaga wata sarƙar wuya da hannu biyu, ya ajiye, bai ce komai ba.

Fito

Daga nan muka gangara mashaya muka shiga kwalekwale mai inji. A yi ciniki tun kafin a shiga, a kuma yi shi na zuwa da dawowa, sa'an nan a nemi rigar nan da ke hana nitsewa, kada a ji kunyar sa ta. Fiton bai ɗauki fiye da 'yan mintoci ba muka sauka a tsibirin Gberefu.

Daga inda aka sauke mu zuwa bakin teku tafiya ce ta kusan rabin sa'a a ƙasa, cikin rairayi da ciyawa da kwakwa. Wannan ita ce hanyar da aka riƙa kora bayi a ɗaure zuwa inda ƙananan jirage ke jira su kai su ga babban jirgi, shi ya sa ake kiran ƙarshenta wurin da ba a dawowa. A tsakiyar hanya akwai wata tsohuwar rijiya. Mutanen wurin sun ce an yi mata asiri, duk bawan da aka shayar da ruwanta sai ya manta garinsu da iyayensa. Ko an yi asirin ko ba a yi ba, mutumin da aka kwana da kwanaki ana jansa da yunwa da ƙishirwa ba ya bukatar wani magani kafin hankalinsa ya gushe.

A nan ne nake so mai karatu ya ɗan dakata. Mu 'yan Arewa mun saba ɗauka cewa cinikin bayi ta teku labarin mutanen Kurmi ne, namu ta Sahara ya bi. Ba haka abin yake ba ɗungum. Tun daga ƙarshen ƙarni na 18, balle bayan da yaƙe-yaƙen jihadi suka tashi a 1804, an riƙa gangarowa da kamammun yaƙi da waɗanda aka sace a gona ko a hanyar fatauci, ta ƙasar Nufe da ta Oyo, daga hannu zuwa hannu, har su iso gaɓar nan, watau Ikko da Badagry da Porto-Novo da Wida. Mafi yawansu lardin Bahiya na ƙasar Birazil aka kai su, aikin rake da taba da dako. Yawan Hausawa a can har ya kai a 1807 hukumar birnin Salbado ta gano wani shirin tawaye da suka ƙulla, ta kama shugabanninsu. Aka sake yin wasu boren a 1809 da 1814, nan ma Hausawa ne a kan gaba. Wanda ya fi shahara shi ne na watan Janairu 1835, cikin azumi, wanda bayi Musulmi da 'yantattu suka yi. Galibinsu Yarabawa ne, amma akwai Hausawa a ciki. Da aka murƙushe su sai 'yan sanda suka sami layu da takardu rubuce da Larabci a jikinsu da ɗakunansu, wasu daga cikin takardun nan kuwa har yanzu suna ajiye a gidan adana takardu na Bahiya. Ashe dai ba kowa rijiyar ta mantar ba.

Kada kuma mu ɗora wa Bature laifin duka. A wancan zamani Bature bai shiga Gobir ko Zazzau ya kamo kowa ba, a bakin ruwa yake tsayawa da bindigogi da barasa da yadi, a kawo masa. Ingila ta haramta wa mutanenta wannan ciniki a 1807, Birazil ta rufe ƙofarta a 1850, sarakunan Badagry suka sa hannu a kan yarjejeniyar dainawa a 1852. A Arewa kuwa ba a soke bauta ɗungum a doka ba sai 1936. Kakannin wasunmu sun ga wannan da idonsu.

Ta wannan gaɓa kuma wasu suka bi suka hau Arewa. A ƙarshen 1825 Baturen nan Kilafaton, wanda mutanen Sakkwato suka sani da suna Abdullahi, ya sauka a Badagry da baransa Richard Lander, za su wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tafintansu wani Bahaushe ne mai suna Abubakar, Turawa suna ce masa Pasko, wanda shi ma an taɓa sayar da shi, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku, ya zama ma'aikacin jirgi. Sun bar Badagry a watan Disamba, ba su shiga Kano ba sai Yulin 1826. Alhaji ya lissafa da yatsu ya ce wata bakwai ke nan a kan tafiyar da tankarsa ke yi cikin kwana biyu in hanya ta yi kyau. Kilafaton bai komo ba, a Sakkwato ya mutu cikin Afrilun 1827. Lander ya sake saukowa Badagry a Maris na 1830 shi da ƙanensa, kuma sun rubuta cewa sun tarar da malamai Hausawa a garin, har sun halarci idin ƙaramar Salla. Daga nan suka tafi Busa, suka hau har Yawuri, kana suka biyo Kwara cikin kwalekwale har suka ga inda ta shiga teku. Na ce wa yaron Alhaji, ka ji, ruwan da ka yi wanka a cikinsa kana yaro nan yake ƙarewa. Da na san abin da wannan magana za ta jawo da na yi shiru.

Teku

Tun kafin ka gan shi za ka ji shi. Wani irin ruri ne mai nauyi, kamar hadari yana tasowa daga nesa, ba ya yankewa. Sa'an nan iska ta canza, ta yi sanyi, ka ji gishiri a leɓenka. Muka hau wani ɗan tudun rairayi, muka wuce ginin tunawa da aka kafa a wurin, sai ga shi.

Na ga Kwara a Jebba, na ga dam ɗin Tiga, amma duk ruwan da na taɓa gani yana da tsallake. Wannan ba shi da shi. Ruwa ne har inda ido ya ƙare ya haɗu da sama. Rairayin kuwa ya miƙe dama da hagu, jaja-jaja mai laushi, ga kwakwa a jere a bayansa, ba gini, ba mota, ba mai talla, ba lasifika. Ranar da muka je, ban da mu da wasu 'yan makaranta da malaminsu, sai masunta can nesa. Alhaji, wanda bakinsa ba ya hutawa tun daga Mil 2, ya tuɓe takalmansa ya zauna ya yi tasbihi, ya fi minti goma bai yi magana ba. Daga baya ya ce tun da ya fara zuwa Ikko bai taɓa zama wurin da ba ya jin ƙarar inji ba sai yau.

Ba zan ɓoye aibin wurin ba. Teku yana amayo shara, robobin ruwa da tsofaffin silifa da leda suna nan zube a layin da ruwa ya tsaya. Ba rumfa, ba famfo, ba makewayi na kirki. Duk abin da za ka ci ko ka sha, ban da ruwan kwakwa, sai ka zo da abinka. Rairayin kuma in rana ta take yana ƙona tafin ƙafa.

'Yan makarantan nan suna ta tsintar ɓawon dodon koɗi iri iri, Alhaji ma ya tashi ya ce bari ya nemo wa 'yarsa wuri. Bai samu ba, da wuya kuma ya samu, don wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi ba a wannan teku yake ba. Daga tsibiran Maldibs da ke Tekun Indiya Turawa suka riƙa ɗebo shi jirgi jirgi, daga baya kuma daga wajen Zanzibar, su sauke a gaɓar nan su sayi mutane da manja, shi kuma ya bi fatake ya hau Arewa. Da Baturen nan Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canjin dala guda a kan wuri 2,500. Kalmar kuɗi da muke faɗa kullum asalinta jam'in wuri ce.

Muna cikin wannan hira sai muka waiga muka ga yaron Alhaji ya tuɓe riga ya nufi ruwa. Alhaji ya daka masa tsawa, ya ce, Baba, ai ni ɗan ruwa ne, na sha ƙetare Kwara da iyo. Bai shiga da nisa ba, ruwan iyakarsa gwiwa. Igiya ta farko ta zo ta wuce, yana dariya. Ta biyu ta fi ta girma, ta buge shi ya faɗi, da za ta koma sai ta kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta ja shi. Kafin mu ankara ya yi nisan da ba ma jin muryarsa, sai kansa muke gani yana ɓullowa yana nitsewa. Allah ya sa wasu masunta biyu suna gyaran taru kusa. Ɗayansu ya faɗa ruwa da igiya a ɗaure a ƙugunsa, ɗayan ya riƙe bakinta muka kama masa, da ƙyar aka jawo su. Yaron ya amayar da ruwa ya kwanta yana haki. Duka abin bai fi minti biyar ba.

Dattijon cikinsu ya yi mana faɗa sosai, da guntun Turancinsa da guntun Yarabancinmu, kuma ya yi gaskiya. Abin da ya nuna mana, wanda na ga ya kamata kowa ya sani, shi ne wannan. Ruwan kogi gefe guda ya nufa, ka san inda zai kai ka. Shi kuwa teku, duk ruwan da igiya ta watso kan rairayi dole ya koma, kuma yakan tattaru ya koma ta wata siririyar hanya guda da ƙarfin gaske, kamar kwata bayan ruwan sama. Mugun abin shi ne, daidai wannan hanya ce ta fi kama da wurin lafiya, domin a nan igiya ba ta fashewa, ruwan ya yi lumui ya ɗan yi duhu, baƙo ya ce ga inda zan shiga. Wanda ruwan nan ya ɗauka, in ya ce zai yi iyo ya komo kai tsaye ta inda ya fito, gajiya za ta kashe shi, don ba mai iya ja da shi. Dabarar ita ce ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu a gan shi, in zai yi iyo ya yi a gicciye, watau ya bi tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar, sa'an nan ya juyo. Ga kuma wani abu, bakin tekun nan namu gangare ne, taku kaɗan ƙasa ta zurma. Sau da yawa gwanin iyo ne ruwa ke ci, domin wanda bai iya ba ba ya shiga. Shawarata ga ɗan Arewa ita ce ya tsaya inda kumfa ke iso masa idon sawu, kada ya ba teku baya, kada kuma ya saki hannun yaro.

Har wa yau ruwan yana cika yana janyewa sau biyu a kwana guda, bisa ga tafiyar wata, ya fi cika a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Inda ka shimfiɗa tabarma da hantsi ruwa zai iya cim masa da azahar. Lokacin ziyara kuwa rani ne, daga Nuwamba zuwa Maris. Da damina, musamman daga Yuni zuwa Satumba, teku yakan yi fushi, ko masunta suna shakkarsa.

Da hankalinmu ya komo azahar ta yi. Alhaji ya tambaya ko alwala ta halatta da ruwan nan mai gishiri. Ta halatta, babu saɓani a mazhabarmu, hadisin yana nan cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda matafiya cikin jirgi suka yi wannan tambaya aka ba su izni. Shansa ne ba ya yiwuwa, don kowace lita tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, sai dai ya ƙara maka ƙishirwa. Wannan karon ba wanda ya kusanci igiya, buta muka ba wani yaron masunta ya ɗebo mana. Gane alƙibla a nan ba wuya, teku yana kudu, saboda haka ka sa shi a hannun damanka ka fuskanci gabas, sa'an nan ka ɗan karkata hagu.

Bayan salla muka je muka yi wa masuntan nan godiya, muka tarar za su fara jan taru. Tun da safe kwalekwale ya kai tarun can ciki ya zagayo da shi, aka bar bakin igiyoyinsa biyu a tudu. Mutane suka kasu layi biyu, maza da samari har da mata, suna ja da baya da baya suna waƙa da harshensu, wanda ya kai ƙarshe ya saki ya komo gaba ya sake kamawa. Muka shiga layi mu ma, har da mai shan ruwa, wanda kunya ta sa ya fi kowa ja. Mun fi sa'a guda muna abu ɗaya kafin jakar tarun ta fito. Kifin bai taka kara ya karya ba, ƙanana ne masu walƙiya da 'yan ƙaguwa, sai tarin leda da robobi da suka kusa fin kifin yawa. Duk da haka da aka zo rabo sai da dattijon ya ware mana namu, ya ce haka al'adar take, duk wanda ya taɓa igiya yana da kaso. Alhaji ya so ya biya, ya ƙi karɓa.

Mai kwalekwale ya riga ya gargaɗe mu kada mu kai magariba, don haka da la'asar muka kama hanya. Alhaji ya wanke wata gorar roba ya cika ta da ruwan teku, ya ƙulla rairayi a leda, ya ce zai kai wa dattijon nan mai goro na Agege ya ɗanɗana, sauran kuma ya wuce da shi Gusau. Muka biyo ta gefen rijiyar nan, muka iske mai jirginmu yana jira. Ƙarfe tara na dare ta wuce kafin mu ga Mil 2.